Neman Gafarar Kyanwa

Tun cikinta bai shiga watansa ba Bassira ta fara neman gafara. Haka ake yi a garinsu, can wajen Tasawa: mace in ta ga haihuwa ta matso sai ta bi mutane ɗaya ɗaya tana roƙon a yafe mata, domin ba duk wadda ta durƙusa ce ke tashi ba. Ta fara da mijinta Halilu, wata Alhamis da ya dawo daga gonar da yake ba ruwa a Samnu, can wajen gari. Ya ce ya yafe duniya da lahira, yana cin shinkafa, ko kai bai ɗaga ba. Ta bi matan gidan hayarsu na unguwar Manshiya, a birnin Sabha na ƙasar Larabawa, ɗaki ɗaki, har da Chafaatou, wadda suka daɗe ba sa ga maciji a kan igiyar shanya. Ta kira uwarta a salula, suka yi kuka tare har layi ya yanke. Kowa ya yafe. Saura wata farar kyanwa mai baƙin kunne, kuma ita ce ta hana Bassira sakat.

Ga yadda aka yi. Bassira tana aikatau a gidan Hajja Mabruka, wata tsohuwar Balarabiya mai ciwon gwiwa: shara, wanke-wanke, kwaɓa fulawa. A bayan gidan akwai tanur, wato tanderun laka mai kama da randa, bakinsa a sama, da ƴar kafa a ƙasa don iska. In za a yi burodi sai a cika shi da busassun rassan dabino a cinna wuta, in ta ci ta faɗi a manna kwaɓin a jikin bangonsa. Hajja ba ta yarda kowa ya kunna mata shi. Kuma kafin ta kunna sai ta ɗage marfin, ta bubbuga gefen tanur ɗin da sanda, ta leƙa, ta zura sandar ta motsa toka tana ƴan maganganunta da Larabci. Bassira kuwa a gaban murhu mai duwatsu uku ta tashi, wanda ko ƙadangare ba zai iya ɓuya a cikinsa ba. Sai ta ɗauka tsufa ne, ko kuma sallama ce Hajja ke yi wa mutanen ɓoye. In ta koma gida har kwaikwayonta take yi, ta ɗauki muciya tana bubbuga bokiti tana ɗingishi, mata suna dariya har da riƙe ciki.

Ran nan da safe, cikin ɗarin nan na Sabha mai shiga ƙashi, gwiwar Hajja ta ƙi. Daga kan katifarta ta ce, “Ya binti, ɗiyata, kunna tanur.” Bassira ta fita, ciki ya yi nauyi, sunkuyawa ta zama aiki. Ta ture marfin, ta danna rassan dabino, ta ƙyasta ashana. Rassan dabino kuwa ba sa jiran a roƙe su. Wuta na tashi sai ga farar kyanwa ta fito a guje ta kafar ƙasa, da ɗa a bakinta. Ta ajiye shi bayan tankin ruwa, ta dawo tana zagaya tanur ɗin tana wani irin kuka da Bassira ba ta taɓa jin kyanwa ta yi ba. Kafin ta gane, ta ɗebo ruwa ta sheƙa, hayaƙi ya riga ya gama aiki. Biyu ta tsamo daga cikin toka, idanunsu ma ba su buɗe ba.

Hajja ta rarrafo da sandarta ta duba. Ta yi salati, sannan da Larabci da nuni da hannu ta fahimtar da ita: da ɗari, tokar jiya tana kwana da ɗumi, kyanwa na shiga, bushiya na shiga, aikin sandar ke nan. Ta ce ba komai, ba ki sani ba. Abin da ya fi ƙona wa Hajja rai ma shi ne ruwan sanyin da aka sheƙa wa tanur mai zafi, don ya tsage daga baki har ciki. Bassira ta yagi gefen ɗankwalinta ta naɗe ƴaƴan, ta haƙa rami a gindin dabino ta rufe su. Uwar tana kan katanga tana kallonta har ta gama.

To dama Bassira da tsoronta a ciki. Yayarta Asmaou wajen haihuwa ta rasu a ƙauye, bayan doguwar naƙuda, kuma tsofaffin garin har yau suna cewa ai da ta je ta nemi gafarar maƙwabciyarta da suka yi faɗa, da abin ya zo da sauƙi. Gaskiya ne, ba gaskiya ba ne, Bassira tana ƴar yarinya ta ji shi kuma ya zauna mata. Tun daga ranar tanur ɗin abinci ya daina shiga.

Nana Aïcha, tsohuwar da ke sayar da ƙosai a ƙofar gidan hayar kuma ita ce kamar uwa ga matan gidan, ta gaji da ganinta tana zuru. Ta sa ta gaba sai wajen Malam Abdoulkadri, mai facin taya, wanda ke ja wa Hausawan layin garejoji salla. Suka tsugunna daga gefe. Malam na tsoma tiyub a ruwa yana neman inda ke yoyo.

“Allah gafarta Malam, na kashe rai,” in ji Bassira.

Malam ya saki tiyub ɗin. “Ran wa?”

“Ƴaƴan mussa. Biyu.”

Ya sauke numfashi, ya sake kamo tiyub ɗinsa. Ya tambaye ta ko ta san suna ciki, ta ce a’a. Ko ta yi niyya, ta ce wallahi a’a.

“To Allah ba ya kama bawansa da kuskure. Ki yi istigfari, ki yi sadaka in kin samu hali, ki je ki huta.”

“Matar nan fa da aka ce ta shiga wuta saboda kyanwa?”

“Waccan tsare ta ta yi da gangan, ba ta ba ta ba, ba ta bar ta ta nema ba. Ke tsarewa kika yi?”

“A’a. Amma Malam, da azumi na ji ka a lasifika kana cewa abin da ke tsakanin bawa da Allah, Allah na yafewa, amma hakki sai mai shi ya yafe.”

“Na faɗa.”

“To uwarsu na nan da ranta. Kullum ina ganinta.”

“Baiwar Allah, dabba ce. Ba ta magana. Ta yaya za ta ce miki ta yafe?”

“Shi ne na zo ka gaya mini.”

Malam ya dubi Nana Aïcha, Nana Aïcha ta dubi ƙasa. Wani mai mota ya danna hon yana jiran tayarsa. Malam ya ce ya dai gaya mata abin da ya karanta, babu laifi a kanta, ya miƙe ya kama aikinsa.

A hanyar komawa Bassira ba ta daina mita ba. Shi Malam mi ya sani, ai namiji ne, bai ji kukan ba. Nana Aïcha ga ƙafa na mata zafi, ga wake ta bari a ruwa, sai ta tsaya cak a gaban shagon mai gas.

“Ke ɗiyar nan, kin ishe ni. A garinmu in dabba ta ci abinci a tafin hannunka, ta yafe ke nan. Kowa ya san wannan.”

Babu wanda ya san wannan. A nan gaban shagon mai gas ta ƙirƙiro shi. A tunaninta kyanwar Sabha, da yunwar da suke ciki, ko a hannun Iblis za ta ci, gobe war haka magana ta mutu.

Washegari Bassira ta je aiki da gwangwanin kifin tuna. Ta dafa bango ta tsugunna da ƙyar, ta zuba a tafin hannu ta miƙa, tana mus-mus-mus. Kyanwar na kan katanga ta naɗe ƙafafu. Ta dubi kifin, ta dubi Bassira, ta juya kai. Bassira ta zauna a haka har ƙafarta ta yi sanyi, man kifin na bin gwiwar hannunta. Da ta gaji ta kakkaɓe shi a ƙasa ta shiga wanke-wanke, tana leƙowa ta taga sai ta ga baiwar Allah ta sauko ta cinye tas, har da lashe ƙasa.

Aka yi haka da madara. Aka yi da hantar kaza, wadda Bassira kanta take kwaɗayi ta hana bakinta. Aka yi da cukun nan mai takardar azurfa da ƴaƴan Larabawa ke ci da burodi. In a ƙasa ne za ta ci, in a hannu ne ko kusa. Sai labari ya bazu a cikin kyanwoyin unguwa. Ja, baƙa, mai ido ɗaya, gurguwa, duk suka riƙa dirowa ta katanga, suna ci a tafin Bassira suna goga mata jiki a ƙafa, wasu har raka ta suke yi zuwa gida. Kyanwoyin Manshiya kaf suka yafe mata laifin da ba ta yi musu ba. Mai hakkin na sama tana kallo.

Chafaatou, wadda bakinta ba ya iya zama shiru, ta ce da ita a wajen famfo, “Wai da wane yare kike roƙonta?”

“Da Hausa mana.”

“To ai shi ya sa. Balarabiya ce. Nan aka haife ta, nan aka haifi uwarta. Ina ta ji Hausa?”

Matan suka kwashe da dariya. Bassira ba ta yi dariya ba. Da safe ta tambayi Hajja Mabruka yadda ake cewa yafe mini, Hajja ta ce samhini, kyanwa kuma gattusa. Aka wayi gari ana jin mace mai tsohon ciki a gindin katanga tana “Samhini, ya gattusa, samhini.” Hajja na jin ta daga ɗaki tana girgiza kai. Ta ce mata ta zauna gida ta huta har ta sauka, aikin na nan yana jiranta. Bassira ta ce to, kuma gari na wayewa sai ga ta.

Wanda ya ƙarasa ɓata lamarin Halilu ne. Ya dawo daga Samnu wata Alhamis bai tarar da ita a ɗaki ba, ga rana ta yi sanyi, aka ce tana can tana lallashin kyanwa. Ya bi ta gidan Hajja, ya yi sallama daga ƙofar baya, ya same ta a tsugunne, ƙafafu sun kumbura, hannu a miƙe.

“Wai har yanzu abin nan ne? Tashi mu tafi.”

“Ka bari, yau ta ɗan matso.”

“Kawo nan.”

Ya ɗebi kifin a hannunta, ya tsugunna, ko mus bai ce ba. Halilun nan fa, wanda a gona in ya ga kyanwa kusa da tattabarun mai gidansa hoge yake ɗauka. Kyanwar ta miƙe, ta yi miƙa, ta diro, ta tako a hankali ta ci a tafinsa. Har ta lashe masa yatsa.

Halilu ya washe baki. “Shi ke nan. Ni mijinki ne, na karɓa miki.”

“Kai za ka durƙusa?”

“A’a, amma dai—”

“To ka karɓar wa kanka.”

Suka koma gida, amma ranar Bassira ba ta ɗora tukunya ba. Halilu ya je ya samu Nana Aïcha a gaban kaskonta, ya ce Inna, ke kika ƙulla wannan, don Allah ki kwance. Nana ta goge hannu ta shiga ɗakin. Bassira na kwance ta ba ƙofa baya.

“Ɗiyata, ki ji tsoron Allah ki ji ni. Maganar cin abinci a hannu, ƙarya na yi. Babu ita a garinmu, babu ita a garin kowa. Gajiya na yi da mitarki.”

“Yanzu ne kike ƙaryar, Nana, don ki kwantar mini da hankali.”

“Wallahi tallahi waccan ce ƙaryar.”

“In ƙarya ce, mi ya sa take ci a hannun kowa ban da nawa? Ita ma ke kika gaya mata?”

Nana Aïcha ta miƙe. Ta fito tana faɗa da kanta, ta tarar ƙosai ya ƙone.

Naƙuda ta zo wa Bassira da hantsi, a gidan Hajja, tana tsakiyar tankaɗe. Da farko ta daure, ta ce ko juyi ne. Da ta ga ta dafa bango ba ta iya saki ba, Hajja ta gane, ta kira ɗanta a waya ya zo da mota, ta kira Nana Aïcha. Nana ta iso da haki, da ƙullin zannuwa a ka, Chafaatou na biye da ita wai ta zo taimako. Mota na ƙofar gida a kunne. Aka kama Bassira za a fita da ita, sai ta hangi farar wutsiya ta shige ɗakin ajiya, inda buhunan fulawa da na dabino suke.

“Ku sake ni.”

“Ke, lokotoro za mu, asibiti,” in ji Nana.

“Ba inda za ni.”

Ta fizge, ta ja ƙafa ta shiga ɗakin ta turo ƙofa ta jingina da ita. Ɗakin ba taga sai ƴar kafa a sama. Kyanwar na kan buhuna, ɗanta da ya rage yana bayanta, ya yi wayo har yana wasa da igiyar buhu. Babu hanyar fita sai ta jikin Bassira. Ita kuma babu kifi, babu madara, hannunta fari fat da fulawa. A waje Nana na dukan ƙofa, ɗan Hajja na danna hon.

Ciwon ya murɗa, ta jira ya lafa. Da ya lafa ba samhini ta ce ba, kuma ba da lallashi ta yi magana ba.

“Ke, na gaji. Kin ji ko ba ki ji ba, na gaji. Ban san suna ciki ba. A garinmu ba a haihuwa cikin murhu. Duk faɗin gidan nan ba ki ga wurin ajiye ɗiya ba sai inda ake hura wuta? Na rufe su da ɗankwalina kina kallo. Na ba ki abin da ban ci ba. Mi kike so in yi? In mutu? Yayata ta tafi haka, ni ma so kike in tafi?”

Kyanwar ta kwantar da kunnuwa. Bassira ta matsa, ta dafa buhu da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan har kusa da hancinta, ba komai a ciki. Ɗan kyanwar, da yake bai san tarihi ba, ya leƙo zai shinshina. Uwar ba ta tsaya shawara ba. Ta kai mata yakushi tun daga tsintsiyar hannu har bayan yatsu, ta ƙara da cizo a gindin babban yatsa, ta cafki ɗanta a wuya ta haye can ƙololuwar buhuna tana huci.

Bassira ta tsaya tana kallon hannun. Jini ya taso a layi layi cikin farar fulawa. Zafi kamar an zuba barkono. Ta daɗe tana kallo, sannan ta buɗe ƙofa.

Nana ta yi salati. “Ta yage ki.”

“Ta rama.”

“Ba ta yafe ba ke nan,” in ji Chafaatou.

“Wa ya ce ta yafe? Ta karɓi hakkinta da hannunta. Ko lahira aka je ai abin da za a yi ke nan, a ce ta rama. To ta rama a nan.” Ta juya wajen Nana. “Ina takalmana? Ku kuna tsaye kuna kallona, mutum na jira da mota.”

Hajja Mabruka ta kawo ruwa da sabulu, Bassira ta ɓoye hannun a bayanta, sai da Nana ta daka mata tsawa ta bari aka wanke. A asibiti ma’aikaciyar da ta karɓe su ta fi damuwa da hannun a kan cikin, ta yi ta faɗa da Larabci, aka yi wa Bassira allura saboda cizon tana tsakiyar naƙuda. Kafin la’asar Bassira ta sauka, ɗiya mace, lafiya lau.

Da labari ya kai wa Malam Abdoulkadri, ya ce shi dai bai ga wannan a littafi ba, ba na cin abincin ba, ba na yakushin ba, tun farko babu laifi a kanta, wahalar da kanta kawai ta yi. Aka kawo wa Bassira maganar tana shan kunu. Ta ce a gaishe shi.

Bayan ta yi arba’in ta koma aiki da goyo. Kyanwar na nan kan katangarta, ta ƙara ƙiba ma. In sun haɗu a tsakar gida ba mai kallon wani, kowa ta kama gabanta. Ragowar abinci dai Bassira na zuba mata, a ƙasa, can gindin tankin ruwa, ta juya ta tafi abinta.